Ranar da Deribe Ya Wanke Rigar Bintu

Duk mai sa hula a Jimeta ya san rumfar Deribe a bayan babbar kasuwa, inda huluna ke kife a kan kututtukan katako suna shan rana. Mutumin Bama ne. Shekarar da Boko Haram suka shiga garinsu ya fito da matarsa Yakaka da 'yarsu Bintu, tana da shekara goma sha ɗaya, da buroshi guda a aljihu wanda har yau bai san lokacin da ya ɗauka ba. Suka yi kwanaki a ƙafa, suka yi watanni a sansani a gefen Yola. Daga nan ya ce shi bai iya zaman jiran rabon shinkafa ba, ya ari bokiti ya koma sana'ar ubansa ta wankin hula.

Abu biyu yake taƙama da su. Na farko, ba a yi tabon da ya gagare shi ba: manja, goro, baƙin mai, har rinin da wasu manyan ma'aikata ke shafa wa furfura ya bi gumi ya kama bakin hula, duk yakan fitar, kuma ba ya faɗa wa kowa. Na biyu, shi kaɗai, da buroshin nan, ya kai Bintu jami'a. Wannan kuwa yakan faɗe shi ko ba a tambaye shi ba.

Ranar Laraba Bintu ta rubuta jarrabawarta ta ƙarshe. Ta dawo gida dab da magariba, muryarta a dushe, ta gaishe su, ta shige ɗaki da uwarta, can da dare ta fito ta rataye wani abu a igiyar shanya. Washegari da sassafe ta fita raka Zipporah, abokiyar ɗakinta, zuwa Numan, ta ce kafin magariba za ta dawo. Yakaka kuma ta shiga maƙwabta wurin suna.

Deribe zai fita rumfa ke nan sai idonsa ya faɗa kan igiyar. Farar riga ce mai dogon hannu, sabuwa, amma babu inda za ka sa yatsa ba ka taɓa rubutu ba. Baƙi, shuɗi, kore, gaba da baya, wani a miƙe wani a karkace, wani ma har da zanen fure. Shi boko bai karanta shi, amma ya san irin wannan aiki, ya sha gani a bangon ban-ɗakin tasha. Nan take ya gane abin da ya faru. Hassada ce. Yara marasa tarbiyya sun ga 'yar mai wankin hula za ta gama digiri, suka taru suka ɓata mata sutura, ita kuma kunya ta hana ta faɗa, sai ta rataye a inda ubanta zai gani.

Ya ajiye jakarsa ya naɗe hannun riga. Ya fara da kalanzir, ya bi da lemun tsami, ya jiƙa a ruwan zafi, ya sa bilic, ya koma da buroshi. Tawadar ta yi gardama irin wadda bai taɓa gani ba, shi ma ya nuna mata bai zo da wasa ba. Kafin hantsi ya gama. Ya tsoma ta a ruwan bulu kaɗan, ya shanya, ya ja baya yana kallo. Rigar har ta fi ranar da aka saye ta.

A haka Yakaka ta same shi. Ta dubi igiya, ta dube shi, ta nemi turmi ta zauna, farantin abincin suna a cinyarta. Ta tambaye shi a hankali ina rubutun. Ya ce ya tafi inda ya fito, ya fara lissafa mata abin da ya zuba da wanda ya biyo bayansa. Ta bari ya kai aya, sannan ta bayyana masa cewa al'adar 'yan jami'a ce. Ranar jarrabawar ƙarshe kowa yakan sa farar riga, abokansa su rubuta masa fatan alheri su sa hannu, a ajiye har tsufa. Jiya Bintu ta karanta mata su ɗaya bayan ɗaya a ɗaki, mutum saba'in da huɗu.

"Ka san abin da ta ce mini, Baban Bintu? Ta ce a Bama ba ta fito da komai ba, ko hoto, ko littafin aji, ko sunan ƙawayenta yanzu ba duka take tunawa ba. Ta ce wannan karon ta tattara mutanenta wuri guda, in ma za a sake gudu da su a jikinta za ta gudu."

Deribe ya dubi rigar. Bai taɓa jin haushin aikinsa ba sai ranar. Ya ce watakila in an duba a rana za a ga alamar rubutun. Suka ɗaga suka duba. Yakaka ta ce ai da wani ne ya wanke, da an gani.

Zafin Yola ba ya jinkirta shanya. Kafin azahar ya ninke rigar a leda, ya tsaya kanti ya sayi maka, alƙalamin nan mai kaurin baki, guda uku, baƙa da shuɗiya da koriya, ya hau keke aka tsallaka gada da shi zuwa Sangere, unguwar da ke gefen jami'ar. Shekara biyar Bintu na can, amma sau ɗaya ya taɓa zuwa, ranar da ya kai mata katifa. Suna guda ya riƙe daga hirarta, Mama Kezia mai abinci.

Ya same ta a rumfarta kusa da gidajen hayar ɗalibai, ƙatuwar mace 'yar Ganye, tana kwashe tuwo. Da ya ce shi ne uban Bintu, ta ajiye mara ta share hannu ta gaishe shi kamar wanda ta daɗe da sani. Ya zaro rigar ya yi bayani, yana ragewa inda zai iya. Ta dubi rigar, ta dube shi, ta juya baya kamar za ta gyara wuta. Kafaɗunta ne suka tona ta. Ta yi dariya har ta zauna a kan buhun gawayi, ta kira Apollos, mai gadin gidan hayar, tsohon soja, ya zo ya gani da idonsa. Apollos ya ɗaga rigar sama, ya ce a shekararsa talatin da biyar a bariki bai ga an share wuri haka ba, ya nemi sanin da me aka yi aikin.

Deribe ya ce shi ba nasiha ya zo nema ba, ba kuma yabo ba. Mutum saba'in da huɗu yake nema, kafin magariba.

Mama Kezia ta share hawaye ta ce abin ba zai gagara ba, don rabin yaran suna nan suna ɗaure kaya. Ta aika aka kira wakilin ajin su Bintu, wani dogon saurayi mai gilashi, sunansa Ridwan. Ya zo yana tafiyar masu riƙe da mulki, amma da aka ce ga Baban Bintu sai ya durƙusa har gwiwarsa ta bugi benci, ya yi gaisuwa sau uku, ya tambayi gida sau biyu. Deribe ya ce a ransa wannan ladabi ya yi yawa a kan wanda ba a sani ba, ya ajiye abin a gefe.

Ridwan ya ce ba za a sanar a guruf ɗin aji na waya ba tunda Bintu na ciki, sai ya buɗe wani a take, ya zuba kowa ban da ita. Sannan ya ce Allah ya taimaka, ya ɗauki hoton rigar jiya. Da ya miƙa wayar Deribe ya ga ba hoto ɗaya ba ne, sun fi ashirin, kuma a yawancinsu rigar ba ta fito sosai kamar mai rigar ba. Wannan ma ya ajiye shi kusa da na farko.

Aka share teburin cin abinci aka shimfiɗa rigar a kan kwali. Ɗalibai suka fara zuwa, wasu da jaka a kafaɗa, wasu da silifas na wanka, kowa sai ya tsaya ya kalli dattijon da ya wanke wa 'yarsa abokai. Deribe ya tsaya a kai kamar mai duba gini. Ya kafa doka: kowa ya duba hoto, ya rubuta abin da ya rubuta jiya, a wurin da ya rubuta, da irin launin da ya yi. Wata yarinya ta so ta ƙara baiti, ya ce jiya ba ta da shi. Wani ya ce ya manta yadda ya zana furensa, ya sa shi ya gwada sau biyu a kwali tukuna. A tsakiyar aikin ya tambaya, murya ƙasa, ko jiya rigar na jikinta maza ke wannan rubutu. Mama Kezia ta ce ya kwantar da hankalinsa, a kan abaya ta sa ta, kuma in namiji ne sai ta cire ta shimfiɗa masa a littafi. Ya ce shi ma ya sani, tambaya kawai ya yi.

Waɗanda suka riga suka kama hanyar Mubi ko Jalingo ko Gombe, aka riƙa kiransu a waya. Apollos ya ce ba za a yi jabu a gabansa ba, sai mutum ya amsa da bakinsa, sannan wani ya rubuta masa a sa "a madadin" a ƙasa, kamar yadda ake yi a ofis. Wata da ke cikin mota a hanyar Ganye ta faɗi nata da kuka, direba na tambayar ko rasuwa aka yi.

Ana cikin haka Mama Kezia ta ajiye masa tuwo da miyar kuka, ta ce ya ci, nan ne wurin zaman 'yarsa. Ya ce ai Bintu da kanta take girki, duk wata yana aiko mata da gari da wake da manja. Ta ce haka ne, suna isowa, kuma suna ƙarewa ranar sha takwas ga wata, don ɗakinsu mutum huɗu ne kuma biyu ba a aiko musu komai. A shekara ta biyu ta lura yarinyar na wucewa ta gaban rumfa da sauri tana kallon ƙasa. Ta yi mata tayi ta ƙi. Sai ta ce mata likita ya hana ta gishiri, tana neman mai ɗanɗana mata miya kullum da rana.

"Shekara uku yana ɗanɗana mini miya," ta ce, da irin Hausarta da ba ruwanta da mace ko namiji. "Da tuwo biyu da nama. Gishiri ba ya fitowa a cokali ɗaya."

Apollos bai yarda a bar shi a baya ba. Ya ce lokacin da taifot ya kayar da Bintu ana saura mako jarrabawa, shi ya ɗora ta a kekensa ya tura har asibitin makaranta, mawaƙan cocin su Zipporah suka raba kwana, wannan ta karanta mata darasi a bakin gado, wannan ta karɓa. Wata mata mai suna Queen, mai injin kwafi a gefen rumfar, ta leƙo ta ce ita ba ta yi komai ba, injinta ne dai yake da wata cuta, duk takardar darasin ajin su Bintu sai ya fitar da guda fiye da yadda aka ce, kuma ba ta san inda za ta zubar ba. Har wani manomin rani da ya zo cin abinci ya ce in dai yarinyar nan ce mai tabo a gira, ta ci albasarsa.

Deribe ya daina cin tuwon. Kullum in ya tambayi Bintu makaranta sai ta ce lafiya lau, shi kuma ya ɗauki lafiya lau ɗin ya kai rumfa ya rarraba wa masu hula. Ya ce ba ta taɓa faɗa masa ko ɗaya ba.

"In ya faɗa maka, Baba, me za ka yi? Hula nawa ne a Jimeta?" in ji Mama Kezia.

Deribe ya ɗan jima yana kallon rigar, sannan ya tambayi Ridwan ina na su Mama Kezia a hoton. Ridwan ya ce ai al'adar ta 'yan aji ce. Deribe ya ce to shi ne mai rigar yanzu har zuwa magariba, kuma dokar da ya kafa shi zai karya ta. Ya nuna musu cikin kafaɗa da gefen ƙasa inda jiya babu komai. Queen ta rubuta nata. Apollos ya rubuta sunansa da lambarsa ta soja. Manomin ya yi nasa da ajami. Mama Kezia ta ce ita biro ba ya jin maganarta, ta shafa maka a babban yatsa ta dangwala, ya fito da ɗan manja a gefe. Ganin manjan, hannun Deribe ya motsa da kansa kamar zai goge, ya mayar da shi aljihu.

La'asar ta wuce, rigar ta cika, sai wuri guda a hannun hagu, daga gwiwar hannu zuwa wuyansa. Deribe ya ja hoton ya ƙara masa girma yadda ya ga yaran na yi. Rubutu ne ƙanana, layi shida, da ɗan akwati a ƙarshe. Ya tambaya na wane ne. Kowa ya dubi Ridwan, wanda ya tuna a lokacin cewa ana nemansa a ofishin sashe.

Deribe ya miƙa masa baƙar maka. Yaron ya ce nasa ba shi da muhimmanci, a bar wurin fari ma zai yi kyau. Deribe ya ce bai tsallako gada don ya mayar da saba'in da uku ba. Da kansa ya ja hannun rigar ya danne don kada ya motsa. Ridwan ya sunkuya ya rubuta layi shida, gumi na ɗiga daga haɓarsa, ya zana akwatin ya karkace.

Deribe ya ce a karanta masa. Ridwan ya ce fatan alheri ne kawai. Deribe ya ce na kowa layi ɗaya ne, wannan alheri ya yi tsawo. Mama Kezia ta ce ana kiranta a murhu. Queen ta ce injinta na ƙara. Apollos kuwa, wanda babu abin da yake so a duniya kamar a ce ya karanta Turanci, ya riga ya sa tabarau. Ya gyara murya ya fassara kamar mai karanta umarnin kwamanda: mai wannan rubutu yana sanar da cewa tun aji biyu bai sami natsuwa ba, bai faɗa ba ne don kada ya raba mata hankali, kuma in an gama bautar ƙasa yana son ya tura baffanninsa Jimeta wurin mahaifinta, wanda ya ji labarin mutum ne mai sauƙin kai. In ta yarda ta sa alama a akwatin nan.

Wata yarinya ta toshe baki da jakarta. Deribe ya dubi hoton, akwatin babu komai a ciki, don kafin Bintu ta bar makaranta aka ɗauka. Sai ya tuna da wankin safe. A daidai wurin nan akwai wani ɗan jan abu, ba maka ba ne, jan biro ne da aka danna da ƙarfi, shi ne ya fi ba shi wahala a duk rigar. Ridwan ma ya yi wannan lissafin, don ya ɗago kai yana kallonsa kamar mai jiran sakamakon asibiti. Da ƙyar ya buɗe baki ya tambaya ko da Baba zai wanke, ya ga wani abu a wurin.

"Ni mai wanki ne, yaro. Abin da na gani a kayan mutane ba na faɗa."

Ya ninke rigar, ya yi wa Mama Kezia godiya irin wadda bai saba yi ba, a tsaye, hula a hannu. Ta ce ya bari, ya dai zo ranar bikin yaye su Bintu da wuri, don ita za ta zauna a gaba kuma ba za ta riƙe masa wuri ba.

Ya iso gida ya tarar Bintu ta riga shi. Tana zaune a tabarma da gyalenta ba ta ko cire ba, idonta ja, Yakaka ta gama faɗa mata. Bai yi dogon bayani ba. Ya ce ya yi ɓarna da hannunsa, ya je ya gyara iyakar abin da zai gyaru, ya ajiye ledar a gabanta.

Ta warware rigar. Ta bi sunayen da yatsa tana ƙirgawa. Ta ce wannan ba rubutun Sa'adiyya ba ne, ya ce a madadi ne, tana hanyar Mubi, amma da bakinta ta faɗa. Ta ce furen nan jiya ganyensa biyar ne. Ya ce ya yi magana ba a ji ba. Da ta kai kan yatsan Mama Kezia ta tsaya, ta kai hancinta ta shinshina, dariya ta ƙwace mata tare da hawayen. Ta ce jiya ta so ta kai wa su Mama Kezia su sa hannu, kunya ta hana ta, don ba ta san me za ta ce musu ba. Ta ce ba rigarta ba ce wannan, waccan ta tafi, amma za ta riƙe.

Sannan ta juyo hannun hagu. Ta ga layi shida, ta ga akwatin a karkace babu komai a ciki, ta gane a gaban wa aka sake rubuta shi. Ta kasa ɗaga kai.

"Nan ne kaɗai ban mayar ba," in ji Deribe. "Ja ne, sau uku na sa masa lemun tsami kafin ya fita. In za a mayar, mai shi ta mayar da hannunta. Ni ban sayo ja ba."

Bintu ta rufe fuska da rigar ta tashi ta shige ɗaki, har tana tuntuɓe da buta. Yakaka ta bi ta da kallo, ta juyo ta tambaye shi wane ja, wane akwati, me aka karanta mata jiya aka tsallake. Ya ce ta tambayi 'yarta. Shi tun safe bai buɗe rumfa ba, akwai hular wani darakta da ya yi alkawarin bayarwa yau, kuma tuwon da aka ba shi a Sangere rabi ya ci.